Busasshe a Gaba, Ɗanye a Baya

Samarin majami'armu da suke zuwa shagona a Tarauni da sunan koyon kafinta, tambayarsu ɗaya ce a ranar farko: wata nawa mutum zai yi ya iya? Wani ma da wayarsa yake zuwa, ya nuna mini wani Bature yana haɗa rufin gida cikin minti huɗu, da kiɗa a ƙasa. Nakan ce masa, to ai ka samu malami, me ka zo nema wurin tsoho mai ciwon baya? A ganinsu aikin namu guduma ce da ƙusa, duk wanda bai buge yatsansa ba ya gama makaranta. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta. Wanda ya karanta ya ji har yanzu yana so, ya zo ranar Litinin.

Ni shekara shida na yi a hannun maigidana, Malam Ayuba, mutumin wajen Sumaila kamar mahaifina. A shekarar farko ban riƙe zarto ba sai in zan wasa masa haƙora. Aikina miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, da shafa wa katako baƙin mai saboda gara. Abin da ya fi damun Malam Ayuba shi ne in san katako tun kafin in taɓa shi da ƙarfe. Mukan je 'yan katako, ya ɗaga falanki ya ƙwanƙwasa da bayan guduma, ya ce in saurara. Busasshe yana amsawa tas, ba nauyi. Ɗanye kuwa ƙararsa a toshe take, ga nauyi, ga sanyi a tafin hannu, in ka kai hanci za ka ji warin jiƙa. In na kasa bambancewa, da falankin yake ɗan taɓa mini ƙeya.

Ɗanyen katako mayaudari ne, ku riƙe wannan. Yana karɓar ƙusa cikin daɗi, yana bin zarto, aiki ya fito sumul mai shi ya yi ta godiya. Sai ya fara bushewa. Ya tsuke, ya murɗe, ya tsage ta kan layin ƙusoshin, ya sake su. In benci ne, ya riƙa rawa a yi maka tsiya. In ƙofa ce, ta ƙi rufuwa. In rufi ne, akwai mutane a ƙarƙashinsa.

Da na buɗe shagona, yawancin masu kawo mini aiki Musulmi ne na Gyaɗi-Gyaɗi da Daurawa: masu shago masu son kanta, ɗaliban asibiti masu son teburin karatu da ba zai fi ƙarfin ɗakinsu ba, 'yan adaidaita da suka haɗu suna son rumfar hutawa. Malam Bulus suke ce mini, kuma ban taɓa rasa aiki don sunana ba. Amma wanda ya zauna Kano yana Kirista ya san takunsa. Majami'armu a wani lungu take a Gyaɗi-Gyaɗi, ba allo a ƙofa, ba ƙararrawa, baƙo zai ɗauka sito ne. Mun ga shekarun da aka yi gudu, shi ya sa dattawanmu ba abin da suke tsoro kamar abin da zai jawo ido.

Ga yadda ake zama a ciki, don labarin a nan yake. Ba wanda ya rubuta doka, amma kowa ya san wurinsa. A gaba akwai bencuna masu majingina, nan dattawa suke, da likitoci da nas-nas da ma'aikata. A baya bencuna ne zalla, na leburori, da masu shara a asibiti, da gwauraye, da matan da suke aikatau a gidajen mutane. A kan mumbari kullum ana cewa dukanmu ɗaya ne a gaban Ubangiji, mu ce amin, kowa daga bencinsa.

Aikin da nake son ba ku labarinsa rufin wannan majami'a ne. Tsohon ya ruɓe yana yoyo, dattawa suka yanke a sauya shi da bazara kafin ruwa ya sauka, suka ba ni. Shugaban aikin Baba Ishaya ne, tsohon ma'aikaci mai ritaya, mutumin da ya sha wuya a kan ginin nan fiye da kowa. Ya ce mini kwana biyar yake so a kware a rufe, kafin wani ya gani ya ce ƙarin gini muke yi.

Ɗakin rafta shida yake ci. Kowace rafta tana zaune ne a kan babban katako da ya tsallaka daga bango zuwa bango, kuma da yake faɗin ɗakin ya fi tsawon katako ɗaya, biyu ake haɗawa a tsakiya, a rungume su da falanki, a bi da ƙusa. Duk nauyin kwano da iska a kan wannan haɗin yake. Na je wurin Alhaji Mudi, wanda na fi shekara goma ina sayen katako a hannunsa. Busasshe mai wannan kaurin, na rafta huɗu kawai yake da shi. Sauran ɗanyen katako ne na itacen malaina, sabuwar sauka.

“Malam Bulus, waɗannan shekaranjiya aka sauke su daga mota,” in ji shi. “Ka ba su wata biyu a inuwa.”

“Alhaji, ba ni da wata biyu. Kwana biyar gare ni.”

“To, kai ka san aikinka. Ni dai na faɗa.”

Na kwashe. Da aka zube katakon a tsakar majami'a, sai na ware: busassun huɗu gaba, ɗanyun biyu baya. Ina so ku ji wannan da kyau. Ba Baba Ishaya ne ya ce in yi haka ba, ba Fasto ba, ba kowa ba. Ban ma tsaya na yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya tura mai kyau wajen manya, kamar yadda ake miƙa wa baƙo tsokar nama. Da na sarƙa su, ɗaya busasshe ɗaya ɗanye, da masu ƙarfin sun tallafi raunanan. Na san wannan tun ina gaban Malam Ayuba.

Mun gama a kwana biyar, amma duk da haka sai da aka kai ƙara cewa muna faɗaɗa gini. Baba Ishaya ya yi makonni yana sintiri da takardu, daga ƙarshe aka ƙyale mu da gargaɗi: aka sake ganin tsani a jikin ginin nan, kwaɗo za a sa. Ranar da aka yi addu'ar godiya, aka kira ni gaba aka tafa mini, aka kuma ce daga yau in riƙa zama a layi na uku. Na zauna, na jingina bayana, na ji daɗi ƙwarai.

Da damina ta kankama, wata Lahadi ana baiko, wato ba da sadakar majami'a, muka fito a layi kamar kullum, mu je gaba mu ajiye, mu zagayo ta baya mu koma mazauninmu. Kafinta ba ya shiga ɗaki bai ɗaga kai ba. Gaban majami'ar an yi masa silin, bayan kuwa ba a kai ga yi ba, katako a fili yake. Na ɗaga kai, na ga wani siririn baƙin layi a haɗin rafta ta biyar, inda babu shi a da. Na ƙarasa zagayen ina tafi kamar kowa.

Washegari da safe na shiga da tsani a kwance don kada a gani, na kafa shi daga ciki. Zafin kwano ya gasa malainar nan ta bushe a gaggauce. Ta murɗe, ta tsage daga ƙusa zuwa ƙusa, har fensirina ya shige cikin tsagar. Na ja igiya daga bango zuwa bango na auna: tsakiyar ta sauka da yatsa biyu. Ta shida ma ta fara. Na sauko, na wuce Daurawa gidan Baba Ishaya.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Zai faɗo gobe?”

“Ban sani ba, Baba.”

“Zai kai kaka?”

“Ban sani ba.”

“To kai me ka sani?”

“Na san ya saki, Baba. A kware wajen, a sauya rafta biyu. Ko a bar ni in kafa tokara.”

“Tokara a tsakiyar ɗakin sujada? Wa zai gani bai tambaya ba? Mata suka ji, unguwa ta ji. Bulus, ka manta abin da aka gaya mana? Aka rufe wurin nan, ina jama'ar nan za su? Ka ƙara masa ƙusa, ka ɗaure da waya. In ruwa ya ɗauke sai mu san yadda za mu lallaɓa. Maganar nan kada ta wuce ni da kai.”

Ba zan ɗora masa duka ba. Tsoronsa na gaskiya ne, kuma ni ma amsar ta yi mini daɗi, don in magana ta fito sunana ne zai fara zubewa. Na koma na ƙara ƙusa na ɗaure da waya, alhali na san ƙusa a tsagaggen katako ƙara tsaga take yi.

Daidai ƙarƙashin rafta ta biyar, Inna Saratu ce take zama. Gwauruwa ce, ta tsufa tana shara a asibiti, ita ce kuma take share majami'a duk Asabar ba wanda ya sa ta. Jikoki uku take riƙo, na 'yarta da ta rasu, kuma ba ta zuwa sai da su, a jere a gefenta kamar 'yan tsaki. Ta zaɓi wurin ne saboda iskar ƙofa, da kuma ƙafarta mai ciwo da take miƙewa.

Dabara na fara. Wata Asabar bayan ta gama shara na shiga na janye bencinta da na kusa da shi zuwa jikin bango. Da safe na tarar ta sa leburori sun mayar. Na je na durƙusa na gaishe ta.

“Inna, ki dawo gaba mana, ga wuri kusa da ni. Nan akwai feshin ruwa.”

Ta yi dariya. “Ɗan nan, kai da aka ɗaga sai ka zauna. Gaba ta masu takalmi ce. Shekara nawa ina nan, ruwa bai narkar da ni ba.”

Kalma huɗu ta rage in faɗa mata, na haɗiye.

Daga nan sujada ta zame mini azaba. Duk Litinin ina auna igiya: yatsa biyu, biyu da rabi, uku. Duk Lahadi tun daga gida nake duban gabas ko akwai hadari. Na tsani ganga, ni da nake son kiɗa, don in samari suka dage ina jin bugun a jikin bango. In matan zumunta suka tashi rawa, ƙirga takunsu nake yi. In Fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a, kowa ya sunkuya, ni kuwa in karkata wuya ina kallon katako. Ranar jibin Ubangiji na karɓi gurasa na kasa ci. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda yake sa bakin mutum ɗaci.

A Lahadi ta bakwai hadari ya taso ana tsakiyar wa'azi. Gari ya yi duhu da hantsi, iska ta shigo ta ƙarƙashin kwano tana ɗaga shi tana saki. Cikin ƙarar nan duka na ji wata 'yar ƙara daban, ƙas, wadda ba wanda zai kula da ita sai mai aikin katako. Na waiwaya. Garin katako yana zubowa a hankali a kan ɗankwalin ƙaramar jikar Inna Saratu, yarinyar ta sa hannu ta kakkaɓe ba ta ko ɗaga kai ba. Na so in ce muku a nan na miƙe na yi magana. Ban miƙe ba. Na riƙe majinginar benci da hannu biyu har ruwa ya ɗauke, rigata ta jiƙe kamar a waje na tsaya. Da Litinin na auna, yatsa huɗu.

Cikin makon na koma wurin Baba Ishaya sau biyu. Ya ce saura kaɗan ruwa ya ɗauke, in yi haƙuri, Ubangiji yana riƙe da gidansa. Na ce masa, Baba, Ubangiji bai sayi ɗanyar malaina ba, ni na saya. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

A wurinmu bayan waƙar buɗewa magatakarda yakan karanta sanarwa, in ya gama ya ce, “Akwai mai wata sanarwa?” Al'ada ce kawai, ba a amsawa. Lahadin da ta biyo, yana faɗa na ɗaga hannu. Baba Ishaya ya kafe ni da ido daga kujerar dattawa. Na miƙe na ce:

“Jama'a, ni na yi rufin nan. Rafta biyun baya da ɗanyen katako na yi su, kuma sun saki. Duk wanda yake zaune daga taga ta uku zuwa ƙofa, don Allah ya taso ya dawo gaba. A hankali, kada a yi gudu.”

Ba a yi gudun ba. Abin da ya faru ya fi gudu tayar mini da hankali. Mutanen baya suka miƙe, suka ɗaga kai suka ga tsagar, suka matso har iyakar bencuna masu majingina, suka tsaya cirko-cirko. Ba su saba wucewa nan ba sai da baiko a hannu. Mutanen gaba kuma suka waiwayo suna kallo, ba wanda ya gusa. Rabin mutanen har lokacin suna ƙarƙashin katakon, ni kuwa ina jin kowace daƙiƙa a ƙirjina. Sai wata nas, Sista Rahila, ta tashi ta je ta ɗauko ƙaramar jikar Inna ta ɗora a cinya, ta ce wa mijinta, “Matsa mana.” Fasto ya ce a hau har kan dandamalin mumbari. Baba Ishaya ya miƙe fuska a ɗaure, ya jawo wani lebura ya zaunar a kujerarsa, shi ya tsaya a tsaye. Haka aka ƙarasa sujada a cushe, aka fita ta ƙofar gefe.

Da Litinin muka kafa tsani a waje, ido na ganin ido. Alhaji Mudi ya nemo mini busasshe a wurin wani abokinsa, bai ce mini ai na faɗa maka ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da muka kware kwanon na kai hannu haɗin rafta ta biyar, da yatsu biyu na zare ƙusar farko. Muna sassauta wayar da na ɗaura, katakon ya rabe biyu ya tafi ƙasa, ya raba bencin Inna Saratu gida biyu. Na daɗe a kan bango ban iya saukowa ba.

Abin da Baba Ishaya ya ji tsoro kuma ya faru. A rana ta uku aka zo aka sa kwaɗo, rufi a buɗe, ruwa yana zuba a ciki. Mako uku muna sujada a rarrabe, wasu a falon wani a Hotoro, wasu a Daurawa, waƙa ƙasa-ƙasa. Tsohon nan shi ya sake ɗaukar takardu yana sintiri, har mai unguwa da maƙwabta biyu suka shaida cewa gyara ne ba ƙari ba, aka buɗe. Bai sake yi mini magana ba sai bayan shekara. Ni kuma shekarar nan ba wanda ya ba ni ko rufin kaji. Labari ya zaga cewa Bulus yana rufi da ɗanye, kuma gaskiya ne, ba ni da bakin musu. Da gyaran kujeru da ƙafar tebur na ci abinci. Na kuma koma bencin baya da kaina, ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ce in dawo.

Ranar Asabar da na buga kwano na ƙarshe, ina zaune a ƙasa ina tattara ƙusoshi, Inna Saratu ta shigo da tsintsiyarta. Tsohon katakon yana jingine a bango, tsagarsa a buɗe. Ta tsaya ta dube shi, ta sa yatsa a ciki, ta dubi inda bencinta yake a da.

“Bulus, ranar da ka janye mini benci, ka riga ka sani?”

“Na sani, Inna.”

“Lahadi nawa ka yi da sani?”

“Bakwai.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta ɗaga murya ba.

“Da a kan Baba Ishaya ne da likitoci, Lahadi nawa za ka yi?”

Na yi tsammanin irin tambayar nan ce da ba a son amsarta. Amma ta dogara da tsintsiya tana jira, ta ci gaba da jira.

“Ko ɗaya, Inna.”

“To,” in ji ta. “Ɗaga ƙafarka in share.”